Ciwon yana nono, me ya kai mu hoton hanta?

Inna ba ta faɗa wa kowa ba sai da abin ya kusa wata bakwai, kuma ni ma ba faɗa mini ta yi ba, gani na yi. Wata Juma'a ce bayan an gama yankan hatsi a 2022, na taso daga lakwal inda nake koyarwa na biya gidanmu a nan Tawa, na tarar ta fito wanka tana ɗaura zane. Nonon hagu ya fi na dama girma da nauyi, fatar wajen ta yi kauri da ƙananan ramuka kamar ɓawon lemu, kan nonon kuma ya nutse ciki. Na ce, "Inna, wannan fa?" Ta ja zane ta rufe, ta ce, "Ai ba ya ciwo." Wannan kalma ita ta cinye mana rabin shekara, domin a wurinmu abin da ba ya ciwo ba ciwo ba ne. Ashe ta daɗe tana zuwa wajen wani mai magani, ya ba ta na shafawa da na hayaƙi, ya kuma ja mata kunne cewa daji ba ya son ƙarfe, ranar da allura ko wuƙa ta taɓa shi ranar zai watsu. Na rubuta wannan ne saboda duk tsawon jinyar ciwon dajin nonon Inna an yi ta tura mu daga ƙofa zuwa ƙofa, kowace ƙofa da takardarta da kuɗinta, ni kuwa ina jin haushi don ban san dalili ba. Sai daga baya na gane cewa takardun nan suna bin sawun ciwon ne, zango bayan zango, a kan hanyar da yake bi cikin jiki.

Da safen Litinin na kai ta asibitin unguwa. Muka yanki tike, muka sayi karne, wanda ya duba ta ya ce maruru ne ke son fitowa, ya rubuta maganin ƙwayoyin cuta na kwana 10. Muka sha har ya ƙare, babu abin da ya motsa. Da muka koma sai Allah ya haɗa mu da wata ungozoma, ta sa Inna ta kwanta ta ɗaga hannu sama, ta duba nonon ɗan lokaci kaɗan, sannan ta tura yatsunta can cikin hammata ta daɗe tana lalube. Inna, da kunya da fushi, ta ce, "'Yar nan, ciwon ga shi nan, me kike nema a can?" Ta ce, "Kaluluwa nake nema, Inna, kuma na same ta." Ta kama hannuna ta ɗora a wurin, na ji abu biyu kamar ƙwallon dabino, masu tauri, ba sa ciwo. Kaluluwar da muka sani ita ce wadda ke fitowa idan mutum ya ji rauni a ƙafa ko hannu, ta yi zafi kwana biyu ta baje. Wannan ba ta da zafi kuma ba ta bajewa. Nan take ta rubuta mana takardar turawa zuwa babban asibiti, ta ce kada mu bari mako ya juyo.

A babban asibitin mun isa bayan sallar asuba, duk da haka mun tarar da karne sun fi 20 a jere a bakin taga, an danne su da dutse. Sai wajen ƙarfe 11 aka kira mu. Likita ya rubuta eko, muka biya jika 10 aka yi, washegari muka dawo masa da hoton. Shi ne ya fara zana mini abin a bayan takarda. Ya ce cikin nono akwai siraran hanyoyin da ruwan nono ke bi, kuma galibin wannan ciwo daga ƙwayoyin halittar da suka shimfiɗe cikin hanyoyin yake farawa. Kowace ƙwayar halitta tana da ƙa'idar lokacin rabuwa da lokacin mutuwa, to wata sai ƙa'idarta ta lalace, ta yi ta haihuwa ba tsayawa. Muddin tana cikin hanyar, a killace take, cire ta kuma ba wuya. Matsalar tana farawa ranar da ta narkar da bangon hanyar ta shiga naman da ke kewaye, don a nan ne take haɗuwa da wasu hanyoyi iri biyu, na jini da na wani farin ruwa da ke kwashe dattin jiki. Hanyoyin farin ruwan nan na nono yawancinsu hammata suke nufa, inda kaluluwa take tsaye kamar bariyar jandarma, tana tare duk baƙon da ya zo wucewa. Ya ce kumburin hammatar Inna alama ce cewa baƙon ya iso bariya ta farko. Ɓawon lemun da na gani kuwa, ƙwayoyin ne suka toshe hanyoyin ruwan da ke cikin fata, ruwa ya taru ya kumbura ta. Amma ya ce duk wannan zato ne, ba za a tabbatar ba sai an ciri ɗan nama an duba, abin da suke kira biyopsi.

A nan muka yi asarar mako uku, ba a asibiti ba, a tsakar gida. Baffanmu ya ce ba da yawunsa za a sa wa matar wansa ƙarfe ba, ya lissafo mata biyu da aka yi wa aiki ba su yi shekara ba. Yayana da ke Abijan ya yi ta kira a waya, ni kuma ina tsakiya. Na koma wurin likitan na gaya masa maganar Baffa yadda take. Bai yi dariya ba. Ya ce in tambayi Baffa wata nawa matan nan suka yi da ciwon kafin su zo asibiti. Ciwon ba ya jiran wuƙa, da kansa yake tafiya, kuma idan mace ta zo bayan ya riga ya isa huhu ko hanta, aka yi aiki ta rasu, sai a ɗora wa wuƙa laifin abin da ya faru tun kafin ta. Inna ce ta raba gardamar da kanta, ta ce hayaƙi ta yi shi wata bakwai, abin sai girma yake. Aka yi biyopsin cikin mintoci kaɗan da allurar kashe zafi, aka zuba ɗan naman a kwalba cikin wani ruwa mai ɗaci a hanci da ake kira formol, aka miƙo mini da takarda, aka ce ɗakin gwajin da ke karanta irin wannan yana Yamai. Ni na ɗauki kwalbar cikin jakata, na naɗe ta da ɗankwali, na shiga motar dare. Na biya jika 25, aka ce mako biyu. Mako biyar muka yi. Na kira har na gaji, sau ɗaya ma aka ce ba a ga lambarmu ba, ashe an rubuta sunan Inna da wani harafi dabam. Tun daga ranar nake ɗaukar hoton kowane rasit da wayata kafin in bar bakin taga.

Sakamakon ya fito a watan Janairu 2023, layi kaɗan da Faransanci, ƙarshensa aka rubuta carcinome canalaire infiltrant. Ni mai koyar da Faransanci ce, amma kalmar ƙarshe ce kawai ta shige ni: ya kutsa. Bangon da likita ya zana mini ya riga ya fashe. Na zauna a kan wani dakali na yi kukana na gama, sannan na kira gida na ce a shirya wa Inna kaya.

Daga Tawa zuwa Yamai tafiyar kilomita wajen 550 ce, ta Kwanni da Dogon Dutsi da Doso, kuma ga tsohuwa mai shekara 58 da nono mai nauyi kowane rami a hanya sai ta ji shi. Muka sauka gidan kawunmu a Bukoki, wanda ya ba mu ɗakin yaransa ba tare da ya tambayi ranar tafiya ba, Allah ya saka masa. Washegari muka je Cibiyar Yaƙi da Ciwon Daji ta Ƙasa, wadda kowa ke kira CNLC. Abin da aka nema don buɗe dosiye shi ne takardar turawa, sakamakon biyopsi, hoton eko, karne da katin ɗan ƙasa. Ku yi fotokopi uku-uku na kowanne tun daga gida, kada ku bar na asali a hannun kowa. Na shiga wurin likita da tunanin za a sa ranar aiki. Sai ya jawo takardu ya yi ta rubutu: sikana na ƙirji da ciki, gwajin jini na hanta da ƙoda, hoton zuciya. Na fito raina a ɓace, na ce a fili, ciwon yana nono, me ya kai mu hoton hanta? Na ɗauka hanyar cin kuɗi ce kawai.

Wata ma'aikaciyar jinya, Bamaraɗiya, ta ji ni. Ta gama abin da take yi ta zo ta zauna tsakanina da Inna, kuma da Hausa ta yi bayanin, abin da ya sa Inna ta saki jiki, don tun da muka iso Zabarmanci da Faransanci kawai take ji a kanta. Ta ce ƙullutun daji ba ya iya wuce girman ƙwayar gero ko biyu sai ya sami abinci, don haka yakan aika saƙo jiki ya gina masa sababbin jijiyoyin jini. Jijiyoyin nan ginin gaggawa ne, bangonsu duk kafa, to ta nan abinci ke shiga, ta nan kuma ƙwayoyin ciwon ke ɓallewa su faɗa cikin jini. Ƙullutu mai faɗin santimita ɗaya yana iya ɗauke da ƙwayoyi wajen miliyan dubu. Mafi yawan waɗanda suka shiga jini mutuwa suke yi, ko gudun jinin ya farfasa su ko sojojin jiki su cinye su, amma 'yan kaɗan sukan maƙale a wani lungu su fita su zauna. Na nono wurare huɗu ya fi so: ƙashi, huhu, hanta da ƙwaƙwalwa. Ta ce likita ba zai iya zaɓar magani ba sai ya san ko baƙon yana bariyar farko ko ya riga ya shiga gari, don maganin wannan dabam, na wancan dabam. Ta ƙara da cewa wasu ƙwayoyin sukan kwanta shiru shekaru ba su motsa ba. Inna, da ta yi noma tun tana yarinya, ta gyaɗa kai ta ce, "Ƙuduji ke nan. Irinsa yana cikin ƙasa shekara da shekaru, kuma kafin ka ga furensa ya gama shan saiwar hatsi." Matar ta ce ba ta taɓa jin wanda ya faɗe shi daidai haka ba.

Sikanan a wata kilinik ta kuɗi muka yi shi don kada mu ƙara jira, jika 90, kuɗin ragunan Inna biyu. Ba wanda ya gaya mana cewa sai an kawo sakamakon gwajin ƙoda kafin a yi, saboda ruwan da ake ɗura wa mutum a jijiya don hoton ya fito ƙoda ce ke fitar da shi, don haka muka yi zuwa biyu, na farko a banza kuma da yunwa. Inna ta ce da ruwan ya shiga ta ji zafi ya ratsa ta har ta ɗauka fitsari ya kuɓuce mata. Ku gaya wa tsofaffinku wannan tun kafin su shiga, kunyar ta fi zafin damunsu. Huhu da hanta suka fito lafiya. Likita ya rubuta T4 N1 M0 a saman dosiye, ya ce T girman ƙullutun ne da abin da ya kama, huɗu kuwa don ya kama fata, N kaluluwa ce, M kuma tafiya nesa, sifiri yana nufin ba a ga komai ba. Mataki na 3 ke nan cikin 4. Na yi hamdala da ƙarfi, sai ya ɗaga hannu ya ce in lura da kalmarsa, ba a gani ba ya ce, bai ce babu ba, don na'ura ba ta ganin abin da bai kai 'yan milimita ba. Shi ya sa ba za a fara da wuƙa ba. Za a fara da shimiyo, maganin da ke bin jini ya zaga duk inda ƙwayoyin za su iya zuwa, ya kuma rage ƙullutun yadda zai ciru.

A nan ne aka gaya mana cewa tun 2007 akwai dokar da ta sa jinyar dajin mata, na nono da na mahaifa, cikin abubuwan da gwamnati ta ɗauke wa jama'a. Ku tambayi wannan a ofishin masu kula da jin daɗin marasa lafiya tun ranar farko, ya rage mana nauyi sosai. Sai dai kyautar ba ta biyan mota, ba ta biyan abinci, ba ta mayar da kuɗin hoton da ka yi a kilinik ko maganin amai da ka saya a famasi. Farashin da nake faɗa ma na lokacinmu ne, don daga Satumba 2024 an rage kuɗin asibitocin gwamnati da rabi.

Shimiyo duk kwana 21 ake yi, sau shida aka tsara mana. Kwana ɗaya kafin kowanne sai an ɗibi jini an ƙirga fararen ƙwayoyi, in sun yi ƙasa a ɗage. Na farkon akwai wani jan ruwa a ciki, wanda saboda shi aka yi hoton zuciya, kuma da yamma fitsarin Inna ya fito ja, muka firgita har na kira Bamaraɗiyar nan, ta ce launin maganin ne. Bayan mako biyu ina taje mata kai gashin ya biyo mataji dam-dam. Ba ta ce komai ba, ta karɓa ta dunƙule ta sa a gefen zane. Maganin yana bin duk ƙwayar da ke saurin rabuwa ne, bai san ta ciwo da ta gashi da ta ɓargo da ta cikin baki ba. Azumi ya kama a ƙarshen Maris, Inna ta nace sai ta yi, sai da Kawu ya kawo limamin unguwarsu ya ce mata Allah ya ɗauke wa marar lafiya, sannan ta haƙura tana gunaguni. Kwana 10 bayan zagaye na uku zazzaɓi ya rufe ta da dare. Matar Kawu ta ɗauko maganin zazzaɓin cizon sauro, ni kuwa na tuna an ce in ma'auni ya kai 38 kada a jira safiya. Muka tari taksi ƙarfe biyu na dare. Fararen ƙwayoyinta sun kusa ƙarewa, ƙwayar cutar da ba ta kai komai ba tana neman kayar da ita. Kwana biyar ta yi a kwance, aka ɗage zagaye na huɗu da mako ɗaya.

A kan bencin jira ne na ga sauran hanyar da ciwon ke bi, a jikin mutane. Akwai wata mata daga wajen Madawa da muke haɗuwa, idonta ya yi rawaya kamar mai shawara, cikinta ya kumbura, hannuwanta kuwa kamar kara. Nata ya isa hanta, ya toshe hanyar ɗaci, ruwa kuma yana taruwa a ciki. 'Yarta ta ce mini kullum tana dafa mata nama da ƙwai amma kamar ana zubawa a rijiya, har dangi suna zarginta da rashin kula. Ba laifinta ba ne. Ciwon da ya yi nisa yana sakin abubuwa cikin jini da ke kashe sha'awar abinci su kuma sa jiki ya riƙa cin tsokarsa, abinci kaɗai ba ya mayar da ita. Wata kuma ba ta iya kwanciya sai a zaune, don ruwa ya taru a kewayen huhunta, duk bayan 'yan makonni sai an zuƙe. Bayan Sallah ƙarama ban sake ganin ta Madawa ba, ban kuma tambaya ba.

Ƙullutun Inna ya ragu har ya koma kamar goro. Aka yi aiki a watan Yuli, bayan ƙannena biyu sun zo sun ba da jini, aka cire nonon duka da kaluluwa 14, gwaji ya nuna ciwon a cikin 5. Muna cikin jinyar ɗinki aka yi juyin mulkin 26 ga Yuli, iyakoki suka rufe, wuta ta yi ta ɗaukewa, wasu magunguna suka yi wuya a famasi, na yini ina zagaya gari a kan abin da da nake samu a ƙofar gida. Daga nan sai radiyoterapi, wato haska wurin da haske mai ƙarfi na na'ura don kashe ƙwayoyin ciwon, wanda mu a kan benci muke ce wa gashi. A 2021 aka buɗe wannan sashe a CNLC da taimakon hukumar makamashin nukiliya ta duniya, kafin nan sai mai hali ya fita waje. Aka zana wa Inna alamu a ƙirji aka ce kada ta goge, kullum Litinin zuwa Juma'a har mako biyar, shigarta mintoci kaɗan, jiranmu sa'o'i. Ƙirji da hammata da saman ƙashin wuya ake haskawa, wato bariya ta farko da ta biyu. Wani gwajin da aka yi wa naman, wanda ya ci mana jika 60, ya nuna ciwonta yana cin abinci daga sinadarin mata na jiki, don haka aka ba ta ƙwaya ɗaya kullum, aka ce shekara biyar. Hannun hagu ya fara kumbura daga baya, tunda an cire tashoshin da ruwan ke bi, aka hana a yi mata allura ko awon jini a wannan hannun, aka hana ta ɗaukar tulu da shi.

Muka dawo Tawa da sanyi, gashi ya tsiro fari tas, Inna ta koma kiwon awakinta. An ce mu riƙa komawa duk wata uku. Mun je sau biyu, na uku muka bari ya wuce, don tana lafiya, kuɗin Abijan ya ja baya, ni ma na gaji da neman izini a wurin aiki. Wannan laifina ne, ba na kowa ba. Da daminar 2024 ta fara kukan baya. Muka ce sanyi ne da sunkuyon gona, aka sayi na shafawa da ƙwayoyi wurin mai talla. Abin da ya kamata ya tashe ni shi ne ciwon ya fi tsanani da dare tana kwance, ciwon gajiya kuwa hutu ke kwantar da shi. Wata biyu muna haka, sai ta fara shan ruwa ba ƙoshi, bayan gida ya ɗaure, ta fara kirana da sunan ƙanwarta da ta rasu. Ranar da ta ce ƙafarta ta dama ta yi nauyi kamar ba tata ba, ranar na nemi mota.

A Yamai gwajin jini ya nuna sinadarin ƙashi, kalsiyom, ya hau sosai, sikana kuma ya nuna tabo a gaɓoɓi biyu na ƙashin baya da ɗaya a ƙugu. Ƙwayoyin da suka sauka a ƙashi suna zuga masu rushe ƙashi na jiki su yi ta rusawa, kalsiyom ya zube cikin jini, shi ne ƙishirwar da ɗaurewar ciki da ruɗewar, gaɓar da ta yi rauni kuma ta fara danne lakar da ke kai saƙo ƙafa. Likita ya ce da mun ƙara 'yan kwanaki da ƙafar ta tafi ba dawowa. Na ce, yanzu kuma dajin ƙashi ya kama ta? Ya ce a'a, na nonon ne dai, in aka ciro shi aka duba ƙwayar nono za a gani zaune cikin ƙashi, kuma da maganin nono za a yaƙe shi. Nonon da aka cire fiye da shekara. Na tuna ƙudujin Inna. Daga baya na karanta cewa wani likitan Ingila, Stephen Paget, ya bi bayanan mata 735 da wannan ciwo ya kashe, ya rubuta a 1889 cewa ƙwayar daji kamar iri ce, tana zuwa ko'ina amma ba ta tsira sai a ƙasar da ta karɓe ta. Inna ba ta san shi ba, amma a magana ɗaya suka tsaya.

Aka yi mata ƙarin ruwa, aka fara wata allura ta ƙarfafa ƙashi, aka yi gashi na 'yan kwanaki a baya, aka canza ƙwayar, aka rubuta maganin ciwo mai ƙarfi. Dangi suka ce irin wannan magani na masu mutuwa ne kuma yana kama mutum. Ni dai na ga Inna ta yi barcin dare cikakke karo na farko cikin wata biyu. Mataki na 4 ke nan, ba a maganar warkewa, ana maganar riƙe shi da rage wahala, kuma likita ya faɗa mini haka ba tare da kwana-kwana ba. Na yi kwana uku ina neman yadda zan gaya mata. Ita ta riga ni, ta ce, "Ya tsiro ko?" Na ce e. Ta ce, "To, a ci gaba da cira."

Ga wadda za ta bi wannan hanya bayanmu, abin da na sani kaɗan ne amma da tsada na saye shi. Ƙullutun da ba ya ciwo shi ne abin tsoro, kuma in an ba ki maganin maruru ya ƙare bai baje ba, ki nemi takardar turawa a ranar, ki kuma ce a duba hammata. In na ƙirga, tsakanin ɓoyon Inna da maganin maruru da gardamar gida da jiran sakamako mun ba ciwon kusan shekara, kuma rabon asibiti a ciki bai kai na gida ba. Ki tanadi jakar roba guda ta takardu, a jere bisa kwanan wata, ki duba yadda aka rubuta suna a kowace takarda. Ki tambayi kowane gwaji me ake nema da shi da abin da za a kawo kafin a yi, kuma in likita ba ya jin Hausa ki nemi mai ji cikin ma'aikata, akwai su, don tsohuwar da ta fahimci abin da ake yi mata ba ta gudun magani. Kuɗin mota da masauki ki lissafa su na shekara, ba na wata ba. Bayan an sallame ku kuma, ciwon baya da ke tashi da dare, tari da ya ƙi ƙarewa, ciwon kai sabo da amai, ko ido ya yi rawaya, kada ki kai su wurin mai talla, ki ɗauki jakar takardun ki nuna wa likita cewa wannan mai tarihin daji ce.

Yanzu Inna tana tafiya da sanda daga ɗaki zuwa inuwar bedi, tana salla a zaune, awakin kuma jikoki ke kai su kiwo tana ba da umarni daga tabarma. Baffa yana zuwa duk Juma'a da 'yar fura a kwano, bai sake maganar ƙarfe ba, ni ma ban tayar ba. Randebu na gaba Talata ce ta sama. Na riga na yanki tike biyu na kujerun gaba, inda girgiza ta fi sauƙi, na ɗinka mata ƙaramin matashi na baya, takardar gwajin jini kuma tana saman jakar don a Tawa za mu yi shi ranar Asabar kafin mu tashi.